Yadda Ɗaliban Sakandare Za Su Shirya Gajeren Fim Kan Ciwon Sikila, Daga Ajin Bayoloji Zuwa Ranar Haskawa

A jadawalin makaranta bayoloji yana da lokacinsa, kiwon lafiya yana da nasa, adabin Hausa da na Turanci kowanne da malaminsa. Ɗalibi ya haddace yadda ake gadon jini, ya rubuta a WAEC ko NECO, ya ci, amma ranar da yayarsa ta kawo maganar aure gida ba zai iya buɗe baki ya tambaya ko an yi gwajin jinotayif, wato na nau'in jinin da mutum ya gada daga iyayensa, ba. Wannan jagorar ta malamai ce da shugabannin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantun Jos da Bukuru, masu son haɗa darussan nan a aiki guda: fim na minti biyar zuwa bakwai kan ciwon sikila, wanda ɗalibai za su rubuta, su ɗauka da wayar hannu, su haska wa iyayensu.

Na zaɓi sikila ne da gangan. Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi kowace shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonsa. Jos kuwa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin Disamba da Janairu na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Da wuya ka samu aji a Gangare ko Unguwar Rogo ko Tudun Wada da babu wanda ciwon ya taɓa gidansu. Sannan Jos gari ne na fim: nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, tare da makarantarta ta koyon fim, ga Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, ga sashen wasan kwaikwayo da fim a Jami'ar Jos. Ɗalibin ɗaya daga cikinsu da zai zo ranar Asabar ya nuna wa yara riƙon kyamara ba zai yi wuyar samu ba.

Mataki na farko: tara mutane da neman izini

Ku nemi malamai huɗu: na bayoloji ko kiwon lafiya, na Hausa ko adabin Turanci, mai ba ɗalibai shawara, da wanda hannunsa ya faɗa da waya ko kwamfuta. Ilmin halayyar ɗan Adam ba ya cikin jadawalin yawancin sakandarenmu, amma mai ba da shawara ya karance shi a kwalejin ilimi ko jami'a, kuma a nan ne karatun nasa zai yi rana. Ku ƙara da ma'aikacin lafiya ɗaya daga waje, nas ko likita ko ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, wanda zai karanta labarin kafin a ɗauka.

'Yan aji biyu na babbar sakandare ne suka fi dacewa, don 'yan aji uku jarrabawa ta sha musu kai. Shugaban makaranta ya sa hannu, kuma duk yaron da fuskarsa za ta fito, iyayensa su sa hannu a takardar da ta faɗi inda za a nuna fim ɗin. Ku fara a Janairu, ku gama ɗauka kafin damina ta kankama, don ruwan Jos a kan kwano ba ya barin a ji maganar kowa.

Mataki na biyu: ku san ciwon kafin ku rubuta kalma ɗaya

Fim ɗin da ya faɗi ƙarya kan lafiya ya fi rashin fim ɗin illa, saboda haka makonni biyun farko na malamin bayoloji ne.

Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki. Na yawancin mutane nau'in A ne. Nau'in S ya bambanta da shi a wuri ɗaya tak cikin ginin sinadarin, abin da Vernon Ingram ya gano a 1956, bayan likita James Herrick ya fara bayyana ciwon a Amurka a 1910. Idan oksijin ya yi ƙasa, nau'in S yana sa ƙwayar jinin ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje. Lanƙwasassun ƙwayoyin sai su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ne azababben ciwon ƙashi da baya da ƙirji da ciki yake tasowa. Kuma suna mutuwa da wuri: lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa ake ganin ƙarancin jini, gajiya, da ido ya yi ruwan ɗorawa. Jariri ba ya cika nuna alama sai ya kai wata biyar zuwa shida, lokacin da himogulobin ɗin da ya zo da shi daga ciki ya ja baya, kuma sau da yawa kumburin hannu da ƙafa ne farkon abin da uwa take gani.

Kowa yana gadon ƙwaya ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS ba mara lafiya ba ne, har ma yana da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne dalilin yawan ƙwayar a ƙasashenmu. Mai SS shi ne mai ciwon. Akwai kuma wani nau'in himogulobin da ake kira C, da SC, wanda shi ma sikila ne ko da yake yakan zo da sauƙi, kuma ana samun sa idan AS ya auri AC. Idan AA ya auri SS, duk 'ya'yan AS ne, babu mai ciwo ko ɗaya.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne AS da AS. Ana jin "ɗaya cikin huɗu" sai a ɗauka cewa idan an haifi mai sikila ɗaya, ukun da za su biyo baya sun tsira, ko kuma a ce ai na huɗu ne yake fitowa da shi, sai a tsaya a uku. Kada ku yi wa ɗalibai dogon bayani a kan wannan, ku sa su gani da hannunsu. Ku samo jaka biyu, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba. Kowacce ku zuba farin wake goma da jan wake goma. Fari A ne, ja S ne. Ɗalibi ya rufe ido ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowace jaka, wannan haihuwa ɗaya ke nan, a rubuta a allo, sannan a mayar da waken cikin jakarsa a girgiza. Mayarwar nan ita ce darasin. Kowane ɗalibi ya ɗauka sau huɗu, a matsayin gida mai 'ya'ya huɗu. Za ku ga wani ya tashi babu ja biyu ko sau ɗaya, wani kuma ja biyu ta fito masa sau biyu a jere, har aji ya yi tsit. Idan aka haɗa na ajin gaba ɗaya ne lissafin zai kusanci kashi 25 SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da ya faru a na baya ba. Yaron da ya riƙe jan wake biyu a tafinsa ba zai manta ba, kuma wannan wasan da kansa yana iya shiga fim ɗin.

Sauran abin da ya kamata su rubuta a littafinsu:

Jinotayif daban, rukunin jini daban. Wanda ya ce "ai ni O ne" bai amsa tambayar ba. Gwajin da ke nuna ko akwai S kawai ba ya rarrabe AS da SS, sai wanda ake kira ilektiroforesis ko wanda ya fi shi. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce sakamakonsa yana iya ruɗarwa. Kuma tun da ana samun kuskure a wasu ɗakunan gwaji, mai shirin aure ya maimaita a wuri na biyu mai inganci.

Abubuwan da ke tayar da ciwo: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, zazzaɓi, aikin ƙarfi fiye da kima, da damuwa. Abubuwan da ke rage shi: shan ruwa sosai, suturar ɗumi, gidan sauro, allurar riga-kafi, folik asid da maganin kariya daga maleriya, da kuma haidiroksiyuriya ga wanda likita ya rubuta wa. Wurin da ke ciwo ana gasa shi da ɗumi ne, ba a sa masa ƙanƙara. Alamomin da ba a jira da su a gida: zazzaɓi, ciwon ƙirji da wahalar numfashi, yaro ya yi fari fat cikinsa ya kumbura ta hagu, baki ya karkace ko hannu ya saki. Waɗannan sai asibiti nan take, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Jankwano, ko wanda ya fi kusa.

Maganar da ake yaɗawa cewa mai sikila ba ya wuce shekara ashirin ƙarya ce. Akwai masu ciwon da suka yi digiri, suka yi aure, suka ga jikoki. Haka ma cewa ciwon yana barin mutum idan ya girma, ita ma ba haka ba ce.

Mataki na uku: ku saurari mutane, sannan ku zaɓi abu ɗaya da kuke so su yi

Nan ne fagen mai ba da shawara. A raba ɗalibai biyu-biyu, kowanne ya tambayi manya uku a gida ko unguwa: me ke kawo sikila, me ake yi wa mai ita, me ya sa wasu ba sa son gwaji? Ba gardama aka aike su ba, rubuto maganar za su yi yadda aka faɗe ta. Za su dawo da amosanin jini, da iska, da jifa, da maita, da wabi. Za su dawo da "gwaji neman wa kai damuwa ne", da "asiri zai tonu a ƙi auren 'ya'yan gidan". Waɗannan kalmomin su ne za su zama bakin taurarin fim ɗin. Duk maganar da ɗalibi ya ƙirƙiro a aji ba za ta kai wadda kakarsa ta faɗa tana tsince shinkafa ba.

Sai a koya musu abu biyu daga ilmin halayyar ɗan Adam. Na farko, mutum ya fi koyo daga abin da ya ga wani irinsa ya yi fiye da abin da aka gaya masa. Albert Bandura ya nuna haka a Jami'ar Stanford a 1961, inda yaran da suka ga babba yana dukan wata 'yar tsana suka kwaikwaye shi da aka bar su da ita. A shekarun 1970 Miguel Sabido ya gina wasannin talabijin a Meksiko kan wannan tunanin, da taurari iri uku: mai kyakkyawan hali, mai kishiyarsa, da na tsakiya wanda yake kokwanto har ya sauya a hankali. Na tsakiyar nan shi ne mai kallo yake ganin kansa a ciki, saboda haka shi ne jarumin fim ɗinku, ba likita mai farar riga ba.

Na biyu, tsoratarwa ita kaɗai ba ta aiki. Idan ka firgita mutum ba ka nuna masa abin da zai iya yi gobe da safe ba, kawar da kai zai yi ya ce Allah ya kiyaye. Duk inda fim ya nuna haɗari, ya nuna hanya mai sauƙi kusa da shi: inda ake gwajin, yadda ake ɗibar jinin, da cewa ba ya ɗaukar lokaci.

Akwai abin da na fi jin tsoro a irin wannan aikin, kuma shi ne dalilin da ya sa nake son mai ba da shawara ya zauna a kowane zama. Fina-finan wayar da kai kan sikila sukan nuna yaro yana birgima da kuka, uwa tana da-na-sani, uba ya talauce, a ƙarshe a ɗauki gawa. A cikin 'yan kallon nan kuwa akwai yarinya mai SS a layi na uku, kuma abin da ta ji shi ne: da iyayenki sun yi hankali da ba a haife ki ba. Gobe ƙawayenta za su dube ta da idon da fim ɗin ya ba su. Ana iya kiran mutane zuwa gwaji ba tare da an mayar da mai ciwon abin nadama ba, kuma idan ƙungiyarku ba ta iya haka ba, gara ta fasa. Mai sikila a fim ɗinku ya kasance yana da abin da ya iya, abin da yake so, da bakin magana. Ya yi dariya ko sau ɗaya. Kada ya mutu don a koya wa wasu darasi.

Daga nan ku zaɓi buƙata ɗaya. Ko dai "san jinotayif ɗinka tun kana sakandare, kafin soyayya ta yi nisa", ko kuma "ga yadda za ka zauna da ɗan ajinku mai sikila". Ta biyun ta shafi malamai ma: a bar shi ya riƙe gorar ruwa a aji, a bar shi ya fita fitsari ba tare da tuhuma ba don ƙodarsa ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran, kada a sa shi tsallen kwaɗo ko durƙuso a sanyin asambili. Minti shida ba za su ɗauki buƙata biyu ba.

Mataki na huɗu: labari

Malamin Hausa ya riga ya koya musu jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. Sun saba nemo su a littafin wani, yanzu za su gina nasu. A rubuta jigon a jimla ɗaya a allo. A rubuta labarin a jimla uku: wa yake son me, me ya tare shi, me ya yi a ƙarshe. Idan bai shiga jimla uku ba, bai nuna ba tukuna.

Manyan taurari kada su wuce biyar, wurare kada su wuce uku, fitowa shida zuwa takwas. Shafi ɗaya na rubutun fim yana cin kusan minti ɗaya, saboda haka shafi shida ake nema. Bambancin da ɗalibai suka fi wahalar kamawa shi ne tsakanin zube da fim. A zube kana iya rubuta cewa hankalinta ya tashi. A fim dole mu gani: ta zuba sukari sau biyu a shayi, ta naɗe takarda ta warware ta sake naɗewa. Duk jimlar da kyamara ba za ta iya ɗauka ba, a soke ta.

Ga misalin fitowa ɗaya, don a ga yadda maganganun da aka tattaro suke shiga:

FITOWA TA 3. Tsakar gida, sassafe, hunturu. Goggo tana fifita gawayi a kurfoti. Yaya tana zaune a kan turmi da naɗaɗɗiyar takarda. Ƙofar ɗaki a buɗe kaɗan.

GOGGO: Ke tun jiya kike murza takardar nan. Me ke ciki?

YAYA: Goggo, AS ce ni. Shi ma AS.

GOGGO: To sai aka yi yaya? Uwarki da ubanki wa ya gwada su? Ba ga ku nan ku biyar ba?

YAYA: Ga mu nan, Goggo. (Ta dubi ƙofar.)

GOGGO: Rai da ajali na Allah ne, 'yar nan. An karɓi kuɗin gaisuwar mutane, da wane baki za a mayar?

(Auta, ƙanin Yaya mai sikila, ya fito lulluɓe da bargo, littafin lissafi a hammata. Ya zauna kusa da wuta.)

AUTA: Ina kwana, Goggo. Yaya, zuba mini ruwan ɗumi. (Ya karɓa, ya kurɓa.) In maganata za ku yi, ku yi da ni. Na fi ku sanin ta.

Ku lura Goggo ba muguwa ba ce. Tana kare mutuncin gida da abin da ta yi imani da shi, kuma rabin iyayen da za su zo kallo Goggo ce. Idan kuka mayar da ita abin dariya kun rasa su. Amsar da za ta gamsar da ita dole ta fito daga inda take girmamawa, wato bakin liman ko dattijon gida, wanda zai tuna mata cewa ana ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Ku kai wa malamin addini wannan fitowar ya duba kafin ku ɗauka. Tun da a Jos Musulmi da Kirista duka da Hausa suke cinikinsu a Taminus da Farin Gada, ku sa ƙawar Yaya ta ambaci cewa a cocinsu sai da takardar gwaji ake ɗaura aure, abin da coci-coci da yawa suka daɗe suna yi. Jihar Kano ma ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da jinotayif.

Ƙarshen labarin kada ya zama wa'azi. Ba dole ba ne mu ga an fasa auren ko an ɗaura. Ya isa mu ga ƙanwar Yaya, 'yar aji biyu, ta miƙa hannu ana ɗibar jininta, Auta yana tsokanarta don ta runtse ido. Hukuncin aure na ma'aurata ne da iyayensu bayan sun ji bayanin likita. Naku shi ne a sani da wuri.

Da an gama rubutu, ma'aikacin lafiya ya bi shi layi-layi da jan biro. Abin da ya soke ya soku, ko da shi ne layin da ya fi daɗi.

Mataki na biyar: rabon aiki da gwaji

Darakta ɗaya, mai kyamara ɗaya, mai sauti ɗaya, mai kula da kaya da sutura, da mai littafin kontiniti, wato mai lura kada kaya ko sutura su sauya tsakanin ɗauka da ɗauka. A yi gwajin wasa sau da dama a aji ba tare da kyamara ba. 'Yan wasan dandamali sun saba ɗaga murya da watsa hannu don na baya ya gani, a fim kuwa kyamara tana kusa, sai a yi ta rage musu har su dawo magana irin ta gida. Idan akwai ɗalibi mai sikila da ya ce da kansa yana son shiga, a ba shi wuri, musamman wajen gyara rubutu. Kada a nuna shi da yatsa a ce shi ya dace da rawar Auta.

Mataki na shida: ɗauka

Kayan aiki: waya mai kyamara mai kyau da sarari a ciki, ƙafar ɗora waya, ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, fawa banki, da farin kwali babba na mayar da haske a fuska. In kuɗin ƙungiya abu ɗaya kawai zai saya, a sayi makirfo. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da sun kasa jin magana sun tashi.

A sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya yanke ɗauka. A kwantar da ita, a goge gilashin kyamarar kafin kowace fitowa saboda ƙurar hunturu, a danna fuskar ɗan wasa a riƙe har haske da saiti su kulle. Kada a ja hoto kusa da yatsa, a taka a matsa. Hasken safe da na bayan la'asar ya fi na tsakar rana, wanda ke zuba inuwa a ƙarƙashin ido. A ɗaki, taga ta kasance a gefen ɗan wasa ko gabansa, ba bayansa ba.

Kowace fitowa a ɗauke ta sau uku aƙalla: daga nesa a ga wurin duka, daga ƙugu zuwa sama, sannan fuskar kowane mai magana kusa. A ƙara da ƙananan hotuna: hannun Yaya a kan takarda, garwashi, tururin kofi. Su ne za su rufe wuraren da aka yanke. Idan mutum biyu suna magana, ku ja layi a ƙasa daga ɗaya zuwa ɗaya, kyamara ta zauna a gefe guda na layin har a gama. Da ta tsallaka, a allo sai a ga Goggo da Yaya suna duban waje ɗaya kamar ba da juna suke ba.

Mai kontiniti ya ɗauki hoton kowa kafin a fara: ta wane gefe aka ɗaura ɗankwali, ina ruwa ya tsaya a kofi, gawayin ya ci zuwa ina. Mai sauti ya sa abin ji a kunne, kuma yana da ikon tsayar da kowa idan Keke ya wuce ko janareton maƙwabta ya tashi. A tsara aiki yadda lokacin sallah zai zo a hutu. Kafin a bar kowane wuri, kowa ya yi shiru a naɗi minti ɗaya na sautin wurin.

Kada ku shiga asibiti da kyamara ba tare da rubutaccen izini ba, kuma kada fuskar wani majinyaci na gaske ta fito. Ɗakin shan magani na makaranta da farin labule ya wadatar. Fitowar asuba ma ba sai da asuba ba, musamman idan cikin 'yan aikin akwai mai ciwon: ku ɗauka da hantsi a inuwa, bargo da hayaƙin kurfoti za su faɗi sanyin. Kowace yamma a kwafe abin da aka ɗauka zuwa wuri na biyu.

Mataki na bakwai: editin da gwada fim a kan baƙi

Manhajar haɗa bidiyo irin CapCut ko KineMaster ta isa. A jera fitowa, a yanke gaisuwar da ta yi tsawo, a daidaita sauti. Kada a ɗora waƙar wani mawaƙi ba izini, 'yan ajin waƙa su rera tasu ko a bar shirun. A sa fassarar Turanci a ƙasa saboda waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba da kuma kurame. Allon ƙarshe ya ɗauki layi uku kawai da ma'aikacin lafiya ya amince da su.

Kafin taro, a nuna wa mutum goma da ba su san aikin ba, cikinsu har da mai sikila ko mahaifiyar mai sikila da ta yarda. A tambaye su: me fim ɗin yake so ka yi, wa ka fi tausaya wa, akwai inda ya sosa maka rai? Idan amsar farko ba ita ce buƙatar da kuka zaɓa ba, ko mai ciwon ya ce wani wuri ya ƙona masa rai, a koma a gyara ko da za a sake ɗauka.

Mataki na takwas: haskawa

Ranar 19 ga Yuni ita ce ranar sikila ta duniya, wadda aka fara kiyayewa a 2009 bayan ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2008, kuma tana faɗowa cikin zango na uku. A haɗa ta da taron iyaye da malamai in ya yiwu. A ari majigi da lasifika, a gwada su tun jajibiri, a tanadi janareto. Bayan fim ɗin ma'aikacin lafiya ya amsa tambayoyi, a ajiye akwati don masu jin nauyi su rubuto tasu. A kawo jakunkunan waken, iyaye ma su ɗauka.

Kada a ce masu AS ko SS su ɗaga hannu. Idan makaranta ta shirya gwaji a ranar, da izinin iyaye, sakamako ya zo a rufaffen ambulan, a buɗe shi gaban mai ba da shawara ko nas, ɗalibi ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar da ta ga AS a takardarta tana bukatar wanda zai gaya mata nan take cewa lafiyarta ƙalau.

Kowane malami ya ba da maki a ɓangarensa cikin gwajin aji: bayoloji kan ingancin bayani, Hausa kan rubutu, adabin Turanci kan fassara. Ɗalibin da aikin ya ja hankalinsa zuwa likitanci ya san JAMB za ta nemi Turanci, bayoloji, kimistiri da fiziks, wanda kuma fim ko wasan kwaikwayo ya kama ya riƙe adabin Turanci da kyau, don shi ake nema a wannan fannin. Kwafin da za a tura ta WhatsApp a rage masa nauyi yadda zai buɗe a ƙaramar waya, kuma kada ya hau Facebook ko TikTok sai takardar izinin da iyaye suka sa wa hannu ta ambaci hakan.